Gaban Wa Za A Faɗi Gaisuwa? Ƙasar Rano da Siyasar da Ke Shiga Har Cikin Gida

Mutumin da aka haifa a Yalwa ta ƙasar Rano wajejen 1960, ko da bai taɓa ƙaura daga gidan ubansa ba, sau biyar ana sauya matsayin sarautar da yake ƙarƙashinta. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Sarkin Rano ya ba shi masarauta mai cin gashin kanta. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya soke wannan, Rano ta koma gunduma a ƙarƙashin Kano. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sake kafa masarautar, da sarki mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi goma. A ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe ta. Ba a cika wata biyu ba aka dawo da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano, Bunkure da Kibiya. A duk waɗannan sauye-sauye ba a taɓa ajiye akwatin ƙuri'a a Yalwa ko Lausu ko Tarai don jin abin da mazauna ke so ba. Labari kawai yake iske su ta rediyo, sannan kowa ya zauna ya yi lissafin fadar da dagacinsa zai nufa ranar Sallah.

A cikin ma'aikata da masu digiri akwai wata magana da ta zama ado: "Ni ba ruwana da siyasa." A ofis a Abuja ko a unguwar ma'aikata a Kano tana iya zama gaskiya na ɗan lokaci, domin albashi yana shiga ko wace jam'iyya ce ke mulki. A ƙauye kuwa da wuya mutum ya faɗe ta a yarda da shi. Tarihin kudancin Kano ya nuna dalilin haka, ya kuma nuna cewa abin da ya fi sauya rayuwar talaka ba girman rawanin da ke Rano ba ne. Abin da ya sauya ta shi ne yawan igiyoyin da ke hannun mai rawanin.

Rano tsohuwar daula ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Yaji na ƙarni na 14 da cin galaba a kan Sarkin Rano, kuma bayan jihadi ma, a farkon ƙarni na 19, Rano ta ci gaba da zama cikin manyan garuruwan da shugabanninsu ke amsa sunan sarki alhali suna bin Sarkin Kano, tare da Gaya da Dutse da Ƙaraye. A wancan zamani zaɓin ɓangare aikin gari ne gaba ɗaya. Lokacin basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, da Yusufawa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, garuruwan kudu sun shiga halin ko su buɗe musu ƙofa ko su tsaya wa Tukur, amma sarkin gari da manyansa ne ke yankewa, talaka ya bi, ya ci riba ko ya yi hasara tare da su. Ita kanta kalmar siyasa a tsohuwar Hausa ma'anarta lallashi ce da rangwame. In aka ce mai bin bashi ya yi wa wani siyasa, ana nufin ya sassauta masa.

Turawa sun ci Bebeji a kan hanyarsu, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Cikin 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka haɗe tsofaffin kuɗaɗen da ake karɓa, aka mai da biyan su da tsabar kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai haraji da gyaɗa suka zama abokan tafiya: ana girbi, ana kai wa sikeli, ana biya. Yadda tsarin ke aiki shi ne abin lura. Ana yanka wa gunduma jimlar abin da za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni. Mai unguwa shi ne ya san kowane gida, ya san yaron da ya isa a rubuta shi baligi da wanda za a iya ɗaga wa ƙafa zuwa baɗi, ya san wanda damina ta yi wa kyau da wanda ya shiga uku. Alƙalaminsa kan sa mutum ya sayar da akuyar matarsa, ko ya jinginar da gona, ko ya tafi cin rani bai shirya ba. Makiyayi kuma yana da nasa, wato jangali, da ake ƙirgawa bisa kan shanu.

Haraji igiya ɗaya ce. Kotun alƙali ta En'e ce, 'yan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, kuma ta hannun dagaci ake samun gona ko a rasa ta. Duk waɗannan suna komawa fada ɗaya. Wanda ya saɓa da dagacinsa ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa wadda ba ta cikin gidan nan ba.

Cikin wannan hali aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, kuma sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e suka zama ƙashin bayanta. Alamar NEPU tauraro, kirarinta Sawaba. Alamar NPC fartanya, kirarinta Salama. A karo na farko aka miƙa wa mutum ɗaya tilo, ba gari ba, damar ya ce ga inda ya tsaya. Sai dai an miƙa masa ita a wurin da babu abin da ke ɓoyuwa. Wanda ya yanki katin NEPU a ƙauye, kafin la'asar mai unguwa ya ji. Taron lacca sai da izinin En'e, kuma En'e ita ce abokiyar hamayya. Laifin zagin sarki ko taro ba izini alƙalin da En'e ke biya albashi ne zai yanke hukuncinsa, bulala da ɗauri kuwa ba baƙin abu ba ne. A birni an yi ƙungiyar 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata masu far wa 'yan hamayya, ita ma NEPU ta kafa nata matasan masu ramuwa.

Masana da suka bibiyi siyasar wancan lokaci, irin su Richard Sklar da C. S. Whitaker, sun lura cewa ƙarfin NEPU yana wurin ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da wasu malaman zaure. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Tela ko mahauci ko marini ko ɗan koli jarinsa yana hannunsa, in gari ya yi masa zafi ya naɗe tabarmarsa ya koma wata kasuwa. Manomin da duk abin da ya mallaka gona ce da ba ta ɗaukuwa, wanda kuma sunansa ke cikin littafin mai unguwa, sai ya yi tunani sau biyu. Saboda haka rinjayen da NPC ta riƙa samu a karkara ba ya nufin talakawa sun ƙi fahimtar abin da Malam ke faɗa, ba ya kuma nufin duk ƙauna ce ga sarauta, ko da yake akwai masu ƙaunar da gaske, waɗanda ke ganin tsayawa gaban sarki da takalmi a ƙafa rashin tarbiyya ne ba 'yanci ba. Mafi yawa lissafi ne na mai iyali, kuma lissafin ba na wawa ba ne.

A nan ne siyasa ta ratsa zaure ta shiga tsakar gida. Ƙin faɗuwa gaisuwa ga hakimi, ko ƙin cire takalmi a ƙofar fada, ya zama sanarwar jam'iyya. An yi uban da ya sallama ɗansa, an yi neman auren da ya lalace don an gano saurayin ɗan Sawaba ne, an yi mutanen da suka daina sayen nama wurin mahaucin da ba nasu ba. Masu wa'azin ɓangare guda sun riƙa jifan 'yan NEPU da fita daga biyayyar da addini ya wajabta, su kuma suna mayar da martani da ayoyin da suka yi hani da zalunci. Har yara ba su tsira ba. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar da ta haramta wa yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa shiga harkar siyasa, kuma a 1960 Babbar Kotu ta tabbatar da ingancinta a shari'ar da aka sani da Cheranci da Cheranci, wadda ta samo suna daga wani ƙauye na kusa da Kano. Doka ce da ke ba hukuma damar tuhumar babba saboda abin da yaro ya rera ko ya ɗaura. Mata kuwa ba su da ƙuri'a a Arewa gaba ɗaya a Jamhuriya ta Farko, amma hakan bai hana a ɗaure Hajiya Gambo Sawaba a Kano ba saboda ta tara mata ta yi musu magana.

Wani abu ya faru a 1963 wanda ya kamata duk mai mamakin 2019 da 2024 ya tuna. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, wanda babu sarkin da ya kai shi ƙarfi a cikin NPC, gwamnatin NPC ɗin ce ta kafa binciken kuɗin En'en Kano a ƙarƙashin D. J. M. Muffett, ya yi murabus, aka kai shi Azare. Tun daga ranar ta bayyana cewa rawani yana ƙarƙashin wanda ke riƙe da gwamnati, ko da a ƙauye ba a ga alamar hakan nan take ba.

Sojoji ne suka fara kwance igiyoyin. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an karɓe kotuna daga hannun sarakuna aka mai da su na gwamnatin jiha, aka shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun tarayya. Babu jam'iyyu a shekarun nan, amma hukuma ba ta daina shiga rayuwar mutane ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974 a maƙwabtan Rano, ta tashi dubban mutane daga gonakin kakanninsu, ta kuma mai da Kadawa da Kura da Bunkure wuraren noman rani. Wani ya yi arzikin tumatir da alkama da shinkafa, wani ya koma tsugunne a ƙasar da bai saba da ita ba, kuma babu ɗayansu da ya zaɓi rabonsa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara janye ragamar mulki daga fada, kuma daga wannan lokaci ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Igiyar da ta rage ita ce mafi tsufa. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta lashe Jihar Kano, kuma da hawan Abubakar Rimi a watan Oktoba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Masu nazarin kasafin kuɗi suna iya cewa abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin man fetur da ke zuwa daga Legas, kuma gaskiya ne. Amma ba a aljihun gwamnati ake auna wannan mataki ba. A bana ɗaya littafin mai unguwa ya rasa haƙoransa. Magidanci ya girbe gyaɗarsa ya ajiye sai ta yi tsada. Saurayi ya daina ɓuya a ɗakin uwarsa ranar ƙirga. Mutum ya iya cewa bai yarda da dagacinsa ba ya kuma kwana a gidansa. In ana neman ranar da zaɓin siyasa ya yi arha ga talakan Yalwa, wannan ta fi cancanta da kowace ranar naɗin sarauta.

Abin takaici shi ne yadda waɗanda suka sha bulala tare suka rabu cikin shekara guda. A 1980 PRP ta dare gida biyu: 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan santsi da suka bi Rimi da Balarabe. Rimi ɗan ƙasar Sumaila ne, maƙwabcin Rano ta gabas, don haka rabuwar ta yi zafi a kudu. Wannan gabar ta fi ta da ciwo ta wata fuska, domin da can tsakanin talaka da fada take, yanzu kuwa tsakanin wa da ƙani ne waɗanda ubansu ɗaya ya yi zaman yari saboda tauraro. A cikin wannan yanayi Rimi ya kafa sababbin masarautu a Afrilun 1981, ciki har da Rano da Gaya da Dutse. A ranar 7 ga Yuli gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, ranar 10 ga wata tarzoma ta ɓarke a Kano, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya sha kaye, Bakin Zuwo ya hau ya rushe masarautun, shi ma sojoji suka kawar da shi a ƙarshen Disamba. Rano ta ɗanɗana abin da za ta sake ɗanɗanawa: darajar da gwamna ɗaya ya bayar a cikin rigima tana tafiya tare da shi.

A zaɓukan 1990 da 1991 gwamnatin Babangida ta kawo ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya layi a bayan hoton ɗan takararsa da rana tsaka. An ce maganin maguɗi ne. A ƙauye kuwa ma'anarsa ita ce suruki yana ganin layin da mijin 'yarsa ya shiga, mai ba da bashin taki yana ƙirga waɗanda yake bi.

Zagaye na biyu na rigimar masarautu ya zo da nasa sarƙaƙiya. Majalisar dokokin da ta zartar da dokar Mayun 2019 tana ƙarƙashin shugabancin Kabiru Alhassan Rurum, ɗan ƙasar Rano. Aka ba Tafida Abubakar Ila sanda, kotu ta soke dokar a Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a Disamba. Ya rasu a Mayun 2020, wata biyu bayan an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a Kano, aka naɗa hakimin Kibiya, Kabiru Muhammad Inuwa, a gurbinsa. Mutanen Rano da dama sun yi murna ta gaskiya. A ganinsu tsohon haƙƙi ne ya dawo, fada ta matso kusa, kuma hedikwatar masarauta kan jawo hanya da asibiti da baƙi. Wasu kuma, har a cikin Rano, sun ga cewa an yi abin ne don a rage wa Sarki Sanusi tsawo, kuma abin da aka gina a kan fushi ba ya daɗewa. Kowanne yana da hujja.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne masu rawani. Da Sallah ta zo a 2019, hakimai sun sami umarni biyu masu karo da juna game da inda za su kai dawakansu, Kano ko sabuwar fada. Wasu da suka ƙi mubaya'a sun rasa gundumominsu, cikinsu har da Sarkin Bai Mukhtar Adnan na Dambatta, wanda yake kan sarautar tun 1954. A da hakimi ne ke sa talaka zaɓen ɓangare. Yanzu shi aka tsayar a layi.

Talaka ma bai fita ba. A 2023 mai jefa ƙuri'a a Yalwa ko Kahu ko Zurgu wanda ke son Kwankwasiyya kuma yake son masarautar Rano ya san ana maganar sake duba dokar masarautu idan NNPP ta ci. Da yawa sun sa jar hula duk da haka, kuma Rurum da kansa, wanda a hannunsa dokar 2019 ta wuce, a NNPP ya ci kujerar Rano, Bunkure da Kibiya ta majalisar wakilai a shekarar. Da aka rushe masarautun aka ba sarakunan awa 48 su bar fadojinsu, ya fito ya nuna bai yarda ba, daga baya ya koma APC. A watan Yulin 2024 aka naɗa Muhammad Isa Umaru Sarkin Rano mai daraja ta biyu, mutanen Sumaila da Takai da Kura da Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa kuma suka koma fuskantar Kano kai tsaye.

Duk da zafin wannan rigima, babu wanda aka ƙara wa haraji ko aka kai gaban alƙalin fada don ya yi murna ko ya yi baƙin ciki, kuma wannan bambanci ne babba da 1955. Abin da ya rage a hannun dagaci da mai unguwa ba kaɗan ba ne: shaidar cinikin gona, sulhun gado da na iyaka, tabbatar da cewa wane ɗan gari ne kafin ƙaramar hukuma ta ba shi takarda. Amma tsarin mulkin 1999 bai ba su wani iko ba. Igiyoyin da suka fi ɗaure mutum yau suna hannun kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa da mai kusanci da ɗan majalisa: buhun taki mai rangwame, gurbin aikin koyarwa ko na asibiti, tallafin karatu, suna a jerin masu karɓar agaji. A zamanin En'e mutane kan yi dabara don kada a rubuta su. Yau dabarar da ake yi ta shiga jerin ce, kuma wanda ke rubutawa yana duban hular mai nema.

Wannan ne ya sa maganar "ba ruwana" ta ma'aikacin birni ba ta cika isa gida ba. Ƙaninsa da ke neman aiki yana da ruwa, mahaifinsa da ke jiran taki yana da ruwa, kuma shi kansa ranar da ya zo ɗaurin aure Rano za a duba launin hularsa, da motar da ya biyo, da wanda ya fara miƙa wa hannu, a yanke masa jam'iyya ko ya so ko ya ƙi. Sau da yawa zaman da yake yi ba ɓangare wani ɗan'uwansa ne ke biyan kuɗinsa a ƙauye, ta hanyar halartar taron da ba ya so da yin tafin da bai kai zuci ba.

Masarautar Rano ta yanzu, mai ƙananan hukumomi uku, tana tsaye ne a kan dokar majalisar jiha, irin wadda aka yi a 2019 aka warware a 2024. Majalisar da za a zaɓa a 2027 tana da wannan iko daidai, kuma kujerun Rano da Kibiya da Bunkure uku ne kacal daga cikin 40 ɗinta.